Tafin Hannun Baba a Bakin Kafireta

Ni na sa aka cire cok daga motar Baba. Gara in faɗa tun farko, don na daɗe ina ba da labarin nan ina tsallake wurin.

Tsohuwar a-kori-kura ce, da ita yake kai gero da riɗi kasuwar Maigatari daga gidanmu na Ɗanzomo. Kusa da sitiyari akwai wani ɗan maɓalli da yake ja da sanyin safiya kafin ya murza makulli. Shi ne cok: ya rage wa kafireta iska, mai ya yi yawa, inji ya kama. Da wayar cok ɗin ta fara cijewa sai motar ta koma shan mai. Ni kuwa lokacin na fara aikin gwamnati a Gumel, kaina na hayaƙi. Na kai ta wurin wani bakanike, ya ce cok na ƙasashen ƙanƙara ne, mu da rana ke gasawa me za mu yi da shi? Na ce ya tsige shi.

Baba ya dubi ramin da aka bari, ya ce, "To, ɗan boko. Allah ya kai mu ɗari."

Da ɗarin ya zo bai yi mini ƙorafi ba. Sai ya riƙa buɗe bonet, ya cire murfi, ya kifa tafin hannunsa a bakin kafireta ya tare iska, Inna kuma, wadda ko keke ba ta taɓa hawa ba, ta zauna a kujerar direba ta murza makulli. Nakan tsaya ina yi musu dariya. Ko sau ɗaya ban matsa na ga yadda yake yi ba.

Wata safiya na kwana a gida, muna dawowa daga masallaci Baba ya dafe ƙirji, gumi na keto masa a cikin wannan sanyin. Muka sa shi a gaban mota. Na murza makulli, ta yi tari ta mutu. Na yi ta taka totur kamar mahaukaci.

"Hannu ake sa mata," in ji Inna.

Na sa nawa, ta murza. Na danne gam, ban san ana sassauta yatsu da zarar motar ta yi tari ba. Fetur ya jiƙa mini hannu.

"Ka shaƙe ta da mai," Baba ya ce daga ciki, da ƙyar. "A bar ta ta sha iska."

Muka jira. Maƙwabci ya tafi neman wata motar bai dawo ba. Ina tsaye ina jin numfashin Baba, har rana ta taɓa kan katanga. Sannan ya fito yana dafa ƙofa, ya ce, "Matsa." Ya kifa hannunsa, Inna ta murza, motar ta tashi.

Bai kai Gumel ba. Muna hango gari na ji hannun da ya ɗora a gwiwata ya yi nauyi.

Likita ya ce ko da mun iso da wuri, ba lallai ba ne ya rayu. Mutumin kirki ne, amma ban yarda da shi ba, har yau.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na buɗe tafin hannunsa na dama, ga zoben baƙin mai, daidai faɗin bakin kafireta. Sabulu ya fitar da zoben, warin fetur ya ƙi fita. Da shi muka sa shi a likkafani.

Motata ta yanzu ba ta san cok ba, bugu ɗaya take tashi ko da sanyi na tsaga leɓe. Duk safiyar ɗari idan ta tashi haka, sai in kasa sa giya. Matata ta ɗauka inji nake jira ya yi zafi.