Yaye a Ɗakin Inna

Da na yaye 'yata ta fari, gidanmu na Yakasai aka kai ta wurin mahaifiyata, Inna, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a danginmu. Ɗakin Inna na ƙasa ne, tagarsa ɗaya, ita ma an toshe ta da tsumma saboda sauro. Gado ɗaya suke kwana, Inna na hura mata koko da bakinta.

Ana nan sai motar gwajin tarin fuka ta tsaya a bakin lungunmu. Rakiyar maƙwabciya ce ta kai Inna, har tana tsokanar ma'aikatan. Hoton ƙirji ya nuna tabo, gwajin kaki ya tabbatar. Matar da ba ta tari, ba ta zazzaɓi, take zuwa Kasuwar Kurmi a ƙafa ta dawo da ƙullin kayan yaji a ka!

Ta karɓi ƙwayoyin don kunyar malamar asibiti. Fitsarinta ya koma ja, tuwo ya fita daga ranta. Ta ce da lafiyarta ƙalau aka ɗora mata ciwo, ta watsar da sauran.

Malamar ta ja ni gefe, ta ce a raba musu ɗaki, a kawo yarinyar ta sha maganin kariya. Na je na durƙusa gaban Inna.

"Inna, da na tafi da ita, sai kin gama magani."

"Au, a kan 'yar fari kike buɗe baki? Lallai kunya ta ƙare. Kin taɓa jin na yi tari?"

Ban taɓa ji ba. Yayyena suka ce na ci fuskar tsohuwa, suka hana a fita da yarinyar. Maigidana ya ce ba za a ji bakinsa a rigimar surukai ba. Har yau haushinsu nake ji, dukansu.

Yarinya ta fara rama, aka ce yaye ne. Zazzaɓi ya zo, aka ce haƙori ne. Ranar da wuyanta ya sanƙare muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon ya hau ƙwaƙwalwa. Ba ta dawo gida da rai ba.

Inna ce ta yi mata wanka, tana kukan da ya fi nawa. Ni nake zuba mata ruwa. Na so in tsane ta, na kasa.