Yaren da Surukina Ya Kasa Zaɓa Mini

Na haura arba'in kafin na iya rubuta sunana ba tare da an riƙe mini hannu ba. A ajin yaƙi da jahilci na koya, a Gwarzo, kuma da na fara sai na ƙi tsayawa. Na yi ajin Turanci, daga nan na faɗa ajin kwamfuta na mata, inda aka koya mana tsara shafin intanet. Nawa shafin na awakina ne: hoton uwar garke, sai wani maɓalli kore da na rubuta wa “Danna ka ga sauran.” In ka danna, ba ka ganin komai. Malamarmu ta ce gangar jiki muka gina, rai sai da yaren kwamfuta, kuma yarukan suna da yawa, kowacce ta je ta zaɓi nata ta nemi darasin 'yan koyo. Ta ba ni aron kwamfuta zuwa faɗuwar damina. Wadda maɓallinta ya yi aiki ta wuce aji na gaba, wadda nata ya ƙi ta dawo da kayan mutane, an gode.

Masu shawara ba su yi wuyar samu ba. Mai cajin waya na bakin kasuwa ya ce Faiton, shi ake yayi. Ƙanen mijina, malamin firamare a Kara, ya gyara hula ya ce Si-fulas-fulas, shi ne uban yaruka, wanda ya iya shi ya gama.

Na ce, “Kai ka iya shi?”

Ya ce, “Yaya, ni ai lokaci ne ba ni da shi.”

Mutum ɗaya na sani wanda da wannan aikin yake ci da iyalinsa: mijin 'yata, a Kabo. Nan matsalar take. Mu gidanmu suruki ba abokin hira ba ne. In ya zo, tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya gai da ƙasa, ni kuma in amsa wa bango daga bayan labule. Ni da dillalan awaki ke sauya hanya in sun hango ni, ban taɓa kallon tsakiyar idon yaron nan ba.

Don haka na bi ta inda aka saba. Na kira 'yata na ce, “Ki tambayi maigidanki, na zaɓi Si-fulas-fulas don maɓallin shafina ya yi aiki, ya yake gani?” Washegari ta kira. “Ya ce Inna ta zaɓa daidai, Allah Ya ba da sa'a.”

Na ɗaura ɗamara. Darussan da na samu duk bidiyo ne, duk an rubuta musu “na 'yan koyo.” Ban san 'yan koyon wace ƙasa ba. Wani mutum ne yake zuba Turanci kamar ana korarsa, yana ta cewa abu ne mai sauƙi, alhali kafin a fara ma sai ka sauke wani abu da zai lashe datar wata guda. A gindin rumbu nake tsayawa, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Bayan wahala mai yawa na sa baƙin allo ya rubuta mini gaisuwa. Na amsa. Maɓalli kuwa yana nan yadda na bar shi.

Na sake aikawa: na fasa, na koma Faiton. Amsa ta dawo: Inna ta zaɓa daidai. Faiton ya fi mutunci, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na koyi sa kwamfuta ta yi tarawa da ɗebewa, abin da na iya tun kafin in san harafi. Zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas, maza sun fara kai taki gona. Sai zuciyata ta ɗarsa wani abu. Na kira 'yata na ce, “Ki ce masa na gano da tafireta ake gyara maɓalli, ita zan nema.”

Ya ce Inna ta zaɓa daidai.

Ranar ban ko sauya mayafi ba. Na rungumi kwamfuta na hau motar Kabo. Na same shi a tsakar gida yana cin ɗanwake. Da ya gan ni, cokali ya faɗi, ya zube ƙasa ya fara jero gaisuwa: gida, gajiya, Baba, awaki, zafi.

Na ce, “Duk suna lafiya. Kai, ɗago ka dubi abin nan.”

'Yata ta ce, “Inna!”

“Ke yi mini shiru, aikenki ya ƙare.” Na buɗe shafin na juya masa. Na nuna masa maɓallin. “Wannan koren nake so ya yi aiki. Wane yare?”

“Ai duk wanda Inna ta...”

“In ka ƙarasa maganar nan, a gidanka zan yi damina.”

Ya share gumi. “Da a ce wani ne ya tambaya, ba Inna ba...”

“Ɗauka wani ne. Ɗauka wani ƙaton gardi ne mara kunya.”

“Da sai in ce masa Jabaskirif. Maɓallin shafi shi yake ji. Kuma ba sai an sauke komai ba, yana nan cikin abin da ake buɗe shafin da shi.”

“Tun yaushe ka san haka?”

“Tun tambayar farko.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Inna ta riga ta zaɓa. Ya zan ce ba daidai ba ne?”

Ka ji tarbiyya. Irinta muke roƙa wa 'ya'yanmu, ita ce ta cinye mini rani.

Ya nemo mini darussa a rubuce, gajeru, waɗanda zan karanta da saurin kaina, ya ajiye su a kwamfutar don kada in koma gindin rumbu. Da zai nuna mini inda ake sa umarnin, ya kasa matsowa. Sai ya zari tsinken tsintsiya, ya miƙo hannu daga nesa yana nuna layi, idonsa rabi a allo rabi a ƙasa. Haka muka yi karatu har la'asar.

An yi ruwan shuka kafin in gama, malama ta ƙara mini 'yan kwanaki. Ina dawowa daga gona da laka a ƙafa in zauna in gwada. Ranar da na kai wa malama, ta danna, bunsuruna ya fito, shi kaɗai, sauran sun ƙi. Ta ce ya wadatar, in zo aji na gaba.

Labari kuwa ya riga ni zagaya dangi. A wani suna a Dugabau, yayar mijina ta ɗaga murya don kowa ya ji, ta ce boko ya kai wasu har zama tabarma ɗaya da suruki. Na ce, “Yaya, gyara zancenki. Ni ce a tabarma. Shi a ƙasa ya zauna, na yi na yi ya ƙi hawa.”