Kurar da Gwaggo ta saka mini a mota

Mota na je saye Yamai, tsohuwa ce, fara. Direban da zai kawo mini ita Diffa ya yi ta yi mini gobe-gobe har na gaji, na karɓi makulli na kamo hanya ni kaɗai. Dosso, Konni, Maradi, Damagaram, Gure. Ba abin da ya same ni sai faci ɗaya, da wani jandarma da ya leƙa kujerar baya yana neman mijina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da ke tsakanin Gure da Maine. Rediyo ya ɗauke, rairayi ya hau kwalta, na ji ina hira da mahaifiyata da ta rasu, da ƙarfi, kamar tana zaune gefena. Wannan nake so in ba da labarinsa lokacin da ƙungiyar mata manoman tattasai ta ce in zo in tsaya gaban jama'a ranar bikinsu.

Na shirya sosai. Na samo kujera ta zama mota, faifai ya zama sitiyari, na yi ta gwaji a tsakar gida har maƙwabta suka fara leƙe. Matsala ɗaya: ni ƴar Damagaram ce, aure da aikin koyarwa suka kawo ni, Barbarcina bai wuce gaisuwa da cinikin kifi ba. Tsofaffin matan bakin kogin Komadugu kuma sun fi jin nasu. Sai gwaggon maigidana, mai sayar da busasshen tattasai a kasuwa, ta ce ita za ta yi tafinta.

Bayan la'asar aka taru a filin lakwal ɗinmu, wato makarantar da nake koyarwa. Na zauna kan kujera, na riƙe faifai, na ce, "Na bar Yamai da sassafe." Gwaggo ta karɓa. Jimla ɗaya na yi, ita ta yi ta zuba, tana buga ƙirji. Na ce wataƙila haka harshen yake.

Na zo wurin facin, mata suka yi salati. Na zo wurin jandarma, suka tuntsire har wata ta zame daga tabarma. Da na iso shirun Maine, na sassauta murya, idona ya cika. Sai na ji Gwaggo ta ce "bultu", ta durƙusa tana gurnani. Wannan kalmar kam na san ta. Kura.

Na rufe bakin lasifika da hannu. "Gwaggo, wace kura kuma?"

"Wadda ta shigo miki ta taga."

"Ba kurar da ta shigo! Maganar innata nake yi."

"Ƴata, Allah ya jiƙan ta, amma dubi mutanen nan. Wasu da ƙafa suka zo daga Asaga. Shiru za ki ba su? Shiru suna da shi a gida. Juya faifanki."

Na juya faifan, me zan yi? Ina faɗin tawa, tana faɗin tata. Daga baya na ji cewa na shaƙe kurar da ɗankwali, na jefar da ita daidai Maine.

Har yau ban huta ba. Mai kifi sai ya ce in nuna masa tabon. Ɗalibaina in na juya allo, sai in ji gurnani daga baya. Na yi bayani har na gaji, ba mai so.

Da aka gama tsinkar tattasai, matan Geskeru suka aiko a je a maimaita musu. Wurin Gwaggo suka aika. Ni cewa aka yi in zo da motar, don a kai ta. Na kai ta ɗin. Tun daga fita gari take ce mini ban iya kauce wa rami ba.