Randar da Nake Alfahari da Ita

A lokacin da abin nan ya faru ni matar manomi ce a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci, da 'ya'yana huɗu, kuma in akwai abin da aka san ni da shi a unguwarmu, to ruwan randata ne. Wajen kakata na koyi gyaran randa: a kife ta a kan garwashi da ɗan turare, a binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, sannan a jefa saiwar jema a ciki. Ruwan kan yi sanyi da ƙamshi, wanda ya sha moɗa ɗaya sai ya nemi ƙari. Har abokan maigidana in sun taso daga gona sukan biyo ta zaurenmu su aiko a ɗebo musu. Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Ko wanke cikin randar ba na yarda a yi sosai, wai kada daɗin ya gudu.

Wata damina famfon burtsatsen garinmu ya lalace, gyara ya gagara, muka koma tsohuwar rijiyar da ke bayan gidaje, kusa da turken dabbobi. In aka yi ruwan sama duk dattin wurin gangarawa yake cikinta, guga ya fito da ruwa ja kamar kunun kanwa. Ni ko a jikina, don ina da alif. In na kaɗa shi lakar ta kwanta, sai in tsiyaye garau-garau in juye a randa. A ganina ruwan da ido ya ga ƙasan moɗa ta cikinsa ya gama tsarkaka.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar lafiya ta zo tana bi gida-gida, saboda an fara amai da gudawa a ƙauyukan da ke kusa. Ta zauna a tabarmata ta yi mini bayani cikin ladabi, cewa alif laka kawai yake kwantarwa, ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani suna nan. Ta ba ni kwalbar maganin tsaftace ruwa, ta nuna mini yadda ake ɗigawa, ta ce in babu shi a tafasa. Na ɗiga a ranar. Da yamma maigida ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya tambaye ni ko ruwan wanki na ba shi. Maƙwabciyata kuma ta sha ta yi dariya, ta ce yau dai sarauniyar randa ta sauka daga gadonta. Wasa take yi, amma maganar ta soke ni. Na gwada tafasawa, ruwan ya fito salam yana warin hayaƙi, ga itace ya jiƙe. Sai na cusa kwalbar a bayan kwanukan jerena na koma wa alif da jemata. Da ma'aikaciyar ta sake zagayowa ta tambaya, na dube ta ido cikin ido na ce kullum ina sawa.

Autata tana 'yar shekara uku a lokacin, yarinya mai surutu da son ruwa. Ita ce ta fara. Da safe ta yi gudawa na ce shawara ce, kafin azahar amai ya biyo baya, idanunta suka zurma. Ba abin da take kira sai ruwa, ni kuma ina ta ɗebo mata daga randar nan ina ba ta, ina rarrashinta da cewa ta sha mai daɗin nan da take so. Har ruwan gishiri da sukarin da na haɗa mata, da shi na haɗa. Wannan shi ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina. Maigida yana gona mai nisa, kafin a kira shi a samo babur la'asar ta yi, hanya kuma duk taɓo. Mun isa asibiti an sa mata ƙarin ruwa, sun yi iya ƙoƙarinsu, amma jikin ya riga ya bushe. Washegari Allah ya karɓi abarsa. Yayanta ma ya kamu, shi dai an yi saurin kai shi ya tashi.

Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa kwananta ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, wanda ya ba mu shi ya karɓa. Amma ni na san abin da ke bayan kwanukan nan. Cikin masu gaisuwar har da ma'aikaciyar lafiyar. Ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, tana cewa ai na yi iya yina tunda ina sa magani. Ban iya ɗaga ido na dube ta ba. Bayan an watse na ciro kwalbar, tana nan kusan cike kamar yadda aka ba ni, na kai wa maigida na faɗa masa komai. Ya ce shi ne ya fara kushe ruwan, laifin namu ne mu biyu. Bai taɓa goranta mini ba, kuma haƙurin nasa ya fi mini zafi a kan faɗa.

Abin da ya ƙara mini baƙin ciki shi ne daga baya na gane ba sai na zaɓi ɗaya tsakanin daɗin ruwa da tsaftarsa ba. In aka ɗiga maganin daidai aka bar ruwan ya jima, warin raguwa yake. In an tafasa kuma, a rufe tukunyar kada hayaƙi ya shiga, ya huce, a juye a wankakkiyar randa da jemar da aka tafasa tare da shi, kafin gari ya waye ya yi sanyi da ƙamshinsa. Haka nake yi yanzu. Ina wanke randa ciki da waje, tana da marfi, moɗar ɗiba daban ta sha daban, ba mai tsoma hannu. Haƙurin 'yan kwanaki kawai na kasa yi, don kada a ce ruwana ya rage daɗi.

'Yan'uwana mata, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Hasken ruwa da ƙamshinsa ba su ne tsaftarsa ba, kuma in mai ilimin abu ya zo har ɗakinku ya gaya muku, ku ji, kada ku yi masa ƙarya don kunya ko girman kai. Yabon maƙwabta ba ya tashin mara lafiya. Har yau masu dawowa daga gona suna tsayawa a zaurenmu, suna sha suna sa albarka, suna cewa babu ruwa kamar na gidan nan. Nakan amsa da amin daga cikin gida, in koma ɗaki in zauna. 'Yar ƙaramar moɗar autata tana nan rataye a jikin bango, na kasa bayar da ita.