Ja Ɗaya a Kan Gilashin Alhaji

Mun tashi daga Likoro ladan bai gama gyara murya ba, ni da Babana, a kan babur ɗinsa mai tari kamar tsohon mashayin taba. Baba mai yankan gilashi ne. Bana hannunsa ya fara rawa, don haka ni nake yi masa yanka a ɓoye cikin ɗaki, shi kuma ya fita da kaya ana yi masa sannu da aiki. To ga wani Alhaji a Ikara ya kira shi aikin tagogin sabon gida, kuma a gabansa za a yanka. In aka ga hannun nan, labari zai riga mu isa gida, shago ya mutu.

Hanyar Makarfi ramuka ce da ɗan kwalta a tsakani. Wani ramin da muka faɗa, sai da na yi sallama kafin mu fito. Rake kuwa hagu da dama, har iska zaƙi take yi.

A Makarfi muka sayi sabon daimon, abin nan mai kama da biro da ake tsaga gilashi da shi. Na zaci zan ga dutse mai walƙiya irin na zoben matan manya, sai ga ɗan tsito a baki, bai kai ƙwayar gero ba. Mai shagon ya ce babu abin da ke yanka daimon sai daimon ɗan'uwansa, da garinsa ma ake goge shi. Na ce ashe danginsu Goggo ne, ba mai iya mata sai ƙanwarta. Tsadarsa ta sa Baba ya fasa shayi da ƙwai, muka ƙare a ƙosai da mazarƙwaila.

Ikara ta tarbe mu da kwandunan tumatir. Alhaji ya sa aka shimfiɗa gilashi a kan tebur, ya jawo kujera. Baba ya auna, ya ɗora rula, ya ɗauki daimon, sai hannun ya fara halinsa. Na miƙa nawa na karɓa.

"Malam, 'yarka ce za ta taɓa min gilashi?" in ji Alhaji. "Daga Kano fa na kawo shi."

Wani birkila ya leƙo. "Yarinya, wannan ba kuɓewa ba ce."

"Kawu, ai kuɓewa ta fi wuya, tana da santsi."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, in ya fashe, ka riƙe babur ɗina."

Na shafa wa gilashin kananzir don daimon ya bi sumul, na ja layi sau ɗaya, tsiii. Ko alamarsa da ƙyar ake gani. Birkilan ya hau ihu, "Ƙara! Bai yanku ba!" Wani kafinta ya taya shi, har Alhaji ya miƙe. Su sun saba da zarto, a je a dawo. Daimon ba a maimaita masa layi, in ka koma ka kashe bakinsa ka ɓata gilashi. Na ce ba zan ƙara ba ko garin Ikara ne ya taru. Na jawo gilashin har layin ya zo bakin tebur, na danna. Ƙwas! Ya rabu biyu, miƙe kamar sahun salla.

Alhaji ya zauna. Birkilan ya tuna yana da siminti a waje.

Mun dawo Likoro kafin magariba, a kan babur ɗinmu. Abin da na koyo: mai ce maka "ƙara" bai taɓa riƙe daimon ba. Washegari Baba da kansa ya fito da teburin yanka daga ɗaki, ya kafa shi a ƙofar shago, ya ce in zo in tsaya.