Mita Mai Allura a Jirgin Malam

Mu biyar ne a bakin kogin Chalawa ran nan, wata Lahadi a tsakiyar damina. Akwai Malam, maigidana, wanda tun kafin a kawo ni gidansa yake ƙetarar da mutane da kwalekwale zuwa ɓangaren Panshekara. Akwai ɗanmu na fari, mai gyaran wuta a wani kamfanin roba a Sharaɗa, da matarsa, wadda ke aiki a kamfanin fata, take shiga jirgin nan safe da yamma. Akwai abokin aikinsa, wani dattijo mutumin Filato da ya zo daga coci da akwatin kayan aiki. Sai ni, da na kawo musu fura, na ƙi komawa.

Ɗan namu ne ya sa wa jirgin inji mai aiki da batir, don kafaɗun ubansa sun gaji da gora. Abin da ya rage, in ji shi, mitoci biyu: ɗaya ta nuna wutar da ta rage a batir, ɗaya ta nuna yawan wutar da injin ke sha. In ba su, sai dai mutum ya ji injin ya mutu a tsakiyar ruwa da mutum goma sha a ciki.

Ya fito da wadda ya sayo a Sabon Gari, 'yar ƙarama kamar kwalin ashana, mai arha, lambobi ja da shuɗi suna ci a fuskarta. Ita kaɗai tana aikin biyun. Ya haɗa ta, ta kama, ya ce, "Baba, duba. In wannan lambar ta sauka zuwa kaza, sai ka nufi gaɓa."

Malam ya sunkuya ya ce, "Madalla. Na gani."

Bai gani ba. Na san haka domin wata uku ke nan ina zuba masa miya a gefen da hannunsa zai fara taɓawa. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, ya ɓoye wa kowa. A inuwa yana gane fuska, amma in rana ta bugi ruwa, ƙananan abubuwa sai su narke masa. Kogin kuwa ya san shi ko da ido a rufe. Da na faɗa a gaban mutane, a ranar ɗan zai karɓe jirgin, Malam ya koma zaman tabarma. Da na yi shiru, surukata da sauran ma'aikata za su riƙa shiga jirgin da matuƙinsa bai san abin da ya rage masa ba.

Na ce, "Cire wannan."

"Inna, me ta yi miki?"

"Ban yi boko ba. Abin da ba zan kalla in gane ba, ba a sa shi a jirgin gidana."

Ya yi dariya. "Ke da ko sau ɗaya ba ki taɓa shiga ba? Kullum sai dai ki zagaya ta gada."

"Gobe zan shiga. Ina son mai allura, irin ta mota, mai fuska kamar faifai."

Matarsa ta rufe baki da mayafi. Mutumin Filato bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi Malam, wanda ke laluben igiya a kusa da ƙafarsa, sannan ya ce, "Mama ta fi mu gaskiya. Waɗannan masu lamba ba sa son feshin ruwa, kuma da rana ko ni ba na ganinsu."

Ɗan ya ce akwai manyan mitoci a jibge a kamfaninsu, bari ya ɗauko. Abokin ya ce, "Kai, waɗancan na wutar kamfani ne, ba sa jin wutar batir. Shekara nawa kana wannan aiki?" Dattijon ya hau babur ya tafi wajen wani mai gwangwan a Bompai. Kafin la'asar ya dawo da guda biyu da aka ciro daga tsohuwar motar ɗaga kaya mai batir, fuskarsu fara, allurarsu baƙa mai kauri.

Na zauna a kan jarka ina kallon haɗin. Ta farko ba ta da wuya: siririyar waya ja zuwa kan batir ɗaya, baƙa zuwa ɗayan, da ɗan fiyus a tsakani. Ta biyu sai da suka raba babbar wayar da ke zuwa inji, suka ɗaura wani guntun ƙarfe a tsakiya, wai duk wutar ta kansa za ta bi, mita kuma ta ɗanɗana daga gefensa biyu. Da suka kunna, allurar ta koma baya ta maƙale. Abokin ya ce, "Injiniya, jirginka ribas yake yi." Suka juya wayoyin, ta miƙe.

Sai na tambayi wurin da allurar farko za ta kai a ce batir ya kusa mutuwa. Mutumin Filato ya ce ba a tsaye ake aunawa ba, batir a hutu ƙaryar ƙoshi yake yi, sai inji yana ja. Suka ɗaure jirgin a turke, suka kunna, ya nuna mini wurin da farcensa. Na ce wa surukata ta ba ni jan farcen da ke jakarta. Ta ce babu. Na ci gaba da miƙa hannu har ta ciro. Na shafa a gilashin daga wurin zuwa ƙasa, faɗin yatsa biyu.

Washegari bayan asuba na riga ma'aikata zuwa bakin ruwa. Na shiga, na zauna daf da shi, ruwa yana lasar gefen zanina, ban saki katako ba. Na riga na yanke: in ya kuskure, a ranar zan gaya wa ɗansa. Muka yi sawu uku ban sauka ba, har rana ta hau ruwa sosai. A tsakiyar sawu na huɗu na ce a hankali, "Malam, ina allura take?"

Ya duba. "Saura yatsa ɗaya ta taɓa jan."

Haka take. Da muka kai gaɓar Panshekara, fasinja suka watse, na sauka na gyara mayafina, na ce masa ya ɗaure jirgin, asibitin ido za mu.