Ranar da Aka Shafe Gadar Kwari

Aikina a ma'aikata shi ne awon gadoji. Ba na gini, ba na gyara, sai dai in duba in faɗa, a ji ko a ƙi ji. Cikin waɗanda aka ɗora mini har da wata tsohuwar gada a kan kwarin da ke bayan unguwar Bagadaza. A kanta yayata, wadda muke kira Adda, take bi kullum cikin Keke Napep zuwa makarantar da take koyarwa.

Ciwon gadar a ciki yake. Ruwa ya kai ga rodin da ke cikin kankare, rodin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta tsattsaga ginshiƙan. Adda ta ga tsagar da idonta, shi ya sa in tifar yashi ta hau gadar takan sa mai keke ya tsaya sai ta wuce.

Da na nemi a hana tifofin bi, ogana ya ce kowace tsohuwar gada tana da tsaga, sai in na nuna da awo cewa wannan ƙaruwa take yi. Gaskiya ya faɗa, ko da yake ta yi mini ɗaci. Sai na manna 'yan gilasai masu layi-layi kamar rula a kan kowace tsaga. Damina bayan damina ina gangarawa kwarin, cikin warin bola, ina karanta su. Tsagar tana buɗewa a hankali, kuma oga ya ce in aka ƙara damina ɗaya hujja ta cika.

Wata Asabar Adda ta kira ni a waya, muryarta cike da murna.

"Injiniyan gidanmu, zo ka ga abin arziki!"

Na tarar da unguwa ta fito aikin gayya. Sun gaji da jiran gwamnati. Mata na raba kunun gyaɗa, maza na kwaɓa siminti, mijin Adda kuwa, wanda muke kira Hamma, magini ne shi, yana kan tsani yana shafe ginshiƙi na ƙarshe. Ko'ina sumul.

Na ce, "Hamma, ina gilasaina?"

Ya sauko yana share gumi. "Ai kai ka sauƙaƙa mana aiki, ƙanina. Duk inda muka ga alamarka mun san nan ne ciwon. Sai mu ɓamɓare mu cike wurin. Ko ɗaya ba mu tsallake ba."

Wallahi na so in yi ihu. Amma wa zan yi wa? Mutumin da ya bar aikinsa ya wuni cikin rana saboda matarsa da maƙwabtansa? Aka miƙo mini kunu, na karɓa, na ajiye a gefe.

Da oga ya zo ya gani, sai ya ɗaga kafaɗa. Awon da aka katse, in ji shi, ba ya zama hujja. Sai sabuwar tsaga ta ɓullo a sake daga farko. Na ɗauki guduma na ƙwanƙwasa masa shafen, ya yi ƙara kamar ƙwaryar da ba komai a cikinta. Ya ce shi ma ya ji, amma ƙara ba lamba ba ce.

Na je har gida na roƙi Adda ta riƙa zagayawa ta babban titi. Na ce mata rufe ciwo aka yi, tsatsar tana nan tana ci.

Ta harare ni. "Kai dai ba ka iya godiya ba. Shekara da shekaru kana awo, me ka gyara? Hammanka da hannunsa ya yi ta."

Na yi mata sallama na fito.

Kwanan baya na tsaya a bakin kwarin da safe. Tifa ta hau gadar shaƙe da yashi, kekensu Adda na manne a bayanta. Ba ta ce a tsaya ba. Ta hango ni, ta ɗago mini hannu tana dariya.